Harsashi Uku a Allo na Takwas

Sansanin horo, 6 ga Oktoba, 2001

Gwaggo Luu,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwa, yaya ido? Ina fata kina ɗiga maganin nan, ba ɓoye shi kika yi a bayan tulun romon kifi kamar na bara ba. Ki gaida Baffa Bang da iyalinsa. Su Baba sun rubuto daga gonar kofi, lafiyarsu lau. Ni ma ƙalau nake, yunwa ce kawai.

Yau kwanana shida a sansani. Duk 'yan aji biyu na jami'armu aka kwaso, mako huɗu za mu yi, kuma kin san wanda bai samu takardar darasin tsaron ƙasa ba, ko ya haɗiye littattafan Hanoi kaf ba zai ga digiri ba. Biyar na asuba ake kaɗa ƙararrawa. Sai ninke bargo, wai dole ya fito da kusurwa huɗu cif kamar ƙullin shinkafar sabuwar shekara. Nawa sau uku ana wurgo shi tsakar gida. Da hantsi a cusa mu ɗari biyu a zaure ɗaya, lasifika na shaƙewa, malami na karanto dabarun tsaro, mu kuma muna gyangyaɗi. Da yamma a fito da bindigogi, ɗaya ga mutum ashirin. Kafin layi ya zo kaina rana ta yi sanyi, in kwanta, in runtse ido ɗaya, ban gama gane ina ne saitin ba an ce in tashi.

Mai koya mana harbi Kyaftin Quyet ne, yana da kirki amma bakinsa ba linzami. Jiya ya dube ni ya ce, "Ɗaliba, bindiga kika ɗauka ko jaririn maƙwabta? Rungume ta mana, ba za ta yi miki fitsari ba!" Har mazan da ke can gefe sai da suka dara.

Wadda ke kwana a gadon samana sunanta Sua, 'yar ƙabilar Hmong ce daga tsaunukan arewa. Ba ta da yawan magana, saboda 'yan birni na kwaikwayon harshenta. Tallafin gwamnati ne ya kawo ta jami'a, da sharaɗin ba za ta faɗi ko darasi ɗaya ba, shi ya sa har laccar barcin nan rubuta ta take yi. Tun tana shekara goma babanta ke tafiya da ita korar aladun daji daga gonar masara, don haka bindiga ba baƙuwarta ba ce. Ita ke gyara min bargo yanzu kafin a zo dubawa.

Na san me za ki ce, wai ke lokacin yaƙi kina gadin gaɓar teku da bindiga a kafaɗa da ɗanyen dankali a aljihu. Ni dai Gwaggo tsoro nake ji. Ranar Juma'a za a ba mu harsashi na gaske, uku-uku, kuma makin shi ne jarrabawar.

'Yarki,
Tham

Sansanin horo, 13 ga Oktoba

Gwaggo Luu,

Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Ina nan lafiya.

An yi harbin jiya. Na samu maki ashirin da tara cikin talatin: goma, goma, tara. Kyaftin ya kira sunana a gaban layi, ya ce za a ba ni takardar yabo ranar rufewa.

Gwaggo, ina roƙonki, kada ki faɗa wa kowa. Ko Baffa Bang, ko su Baba. Ba na son a yi maganar ko kaɗan. Don kada ki ji shiru ne ma na rubuto.

Tham

Ƙauyen Dong Cat, 18 ga Oktoba

Tham 'yata,

Wasiƙunki biyu sun iso. Lafiyata lau, gwiwa ce dai ke gaya min ruwa na tafe, kuma ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Maganin ido ina ɗigawa idan na tuna. Baffanki Bang yana amsawa, tarinsa na nan, kuma ba zai rabu da shi ba tunda ya ƙi rabuwa da lofe.

Ke yanzu wannan rubutu naki mai kama da sawun tururuwa, wa kike so ya karanta? Thoan mai rabon wasiƙu ce ta karanta min. A bakin kasuwa ta tare ni, mata biyar a tsaye. Da ta zo kan ashirin da tara na ce ta maimaita. Da ta zo kan "kada ki faɗa wa kowa" kuwa, mai awara har da riƙe ciki. Wannan kunyar ta gidanmu ce, na san ta sarai. Kakarki ma ranar da aka yaba mata a taron ƙauye, bayan turken bauna ta je ta ɓuya. To ki yi kunyarki a can, ni zan yi fahariyata a nan.

Ban koma gida ba sai da na biya ta gidan Bang. Kin san sha biyar ga watan tara, wato ƙarshen Oktoba a kalandarku, ita ce ranar tunawa da kakanmu na farko, kuma ranar ce Bang, tunda shi ne shugaban dangi, yake karanto sunayen yaran da suka yi fice a karatu, a ɗora takardunsu a teburin kakanni, a kunna turare. Shekara bakwai ke nan ba a kira sunan kowa daga ɗakinmu ba. Kullum jikokin Bang, wannan ya ci lissafi, wancan ya ci Turanci, mu kuma mu tafa, mu je mu wanke kwanuka.

Na ce masa, "Buɗe littafinka ka rubuta Tham."

Ya ce, "Haba Yaya Luu, harbi ai ba karatu ba ne."

Na ce, "Lokacin da ake ruwan wuta a kan rufin zauren kakanninmu, da lissafi aka kare shi? Kai da kake ƙarƙashin gadon uwarka me ka sani?"

Ya yi tarinsa, ya laluɓo biro. Na ce masa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne ba ni na haife ki ba, amma kakanki da ubana ciki ɗaya suka fito, kuma ni na yi miki tsifa har kika gama sakandare, wanda ya isa ya zo ya ce ba jinina ba ce.

Na ware jan zakaran nan. Da zarar an ba ki takardar ki sa ta a ambulan ki aiko, kada ki tsaya kunya.

Ba ki ce komai ba game da 'yar tsaunin nan. Ita nawa ta ci? In ke kin samu ashirin da tara, ita sai dai a ƙaro mata wani allon. Ga busassun jatan lande nan a ƙunshin, ki raba biyu ki ba ta rabi, ladan bargo.

Gwaggonki,
Luu

Sansanin horo, 23 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fata ruwa bai shigo gida ba. Jikina lafiya, wasiƙarki kuma ta zo jiya. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe don ki karanta da kanki, ke kaɗai, ko da zai ɗauke ki yini guda.

Makin nan ba nawa ba ne. Na Sua ne.

Ga yadda aka yi. Jere ake kwantar da mu, kowa da allonsa a can nesa. Sua ce ta bakwai, ni ta takwas. Da aka busa usur, na kusa da ni ta dama ya riga kowa harbi, ƙarar ta shige min har cikin haƙora. Na runtse idanuna duka biyu na ja kunamar sau uku. Sau ɗaya na buɗe ido, na ga ƙasa ta tashi a cikin ciyawa, taku goma a gabana. Ko kusa da allo harsashina bai je ba. Sai ga mai duba allo yana shelar cewa na takwas goma, goma, tara, na bakwai kuma babu ko ƙwarzane. Nan take na gane. Da safiyar ranar iska ta kayar da allo na farko, ba a tayar da shi ba, lambobin kuma sun koɗe. Sua ta ƙirga bakwai daga hagu kamar yadda muka saba, ta sauka a kan nawa.

Kyaftin ya ce, "Ashe mai renon jariri maharbiya ce!" Aka tafa min. Ya juya wajen Sua ya ce, "Ke kuma gwanar kwance bindiga, tsuntsaye kika aika wa?"

Ta ce, "Malam, na ga sun shiga."

Ya ce, "Sun shiga ina? Lardin maƙwabta?"

Aka kwashe da dariya. Ina tsaye kafaɗata na taɓa tata, bakina ya yi nauyi. Tunda nake ba a taɓa tafa min a kan komai ba, Gwaggo, kuma fuskarki na tuna. Na ce a raina gobe zan faɗa. Da goben ta zo na ce ai waɗanda suka faɗi za a sake ba su dama ranar Asabar ta sama, Sua kuwa ko da ido ɗaya za ta ci, kowa ya tsira, ba wanda ya cutu.

Abin da ban yi tunani ba shi ne Sua ta yarda ta kuskure. Mako guda tana neman inda laifinta yake, ta ce ko bindigar sojoji sama take ɗauka, ko idonta ne. Ana gobe za a sake, muna wanke kwanon abinci, ta ce, "Tham, ke da kika ci, a ina kika ɗora saitin? Koya min, don girman iyayenki."

Gwaggo, na ce mata, "Ƙasa-ƙasa kaɗan."

Ban san me ya sa ba. So nake kawai ta daina kallona. Ranar Asabar ta ƙirga allonta daidai, ta yi abin da na ce, ta gyara hannun da ba shi da laifi. Biyu suka shige ƙasa, ɗaya ya taɓa gindin allo. Ta faɗi. Sai baɗi za ta maimaita darasin, tallafin kuma kin san sharaɗinsa.

Na ba ta jatan landen. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce in yi miki godiya, wai ba ta taɓa cin abin teku ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ban gaya wa Kyaftin ba, ban gaya mata ba, kuma ranar Asabar za mu koma Hanoi. Ki taimake ni ki je wajen Baffa Bang ya cire sunana. Ki ce masa kuskure aka yi wajen haɗa maki, ki ce duk abin da ya zo bakinki. Takardar yabon ba zan aiko ba, ko kallonta ba na son yi.

'Yarki mai jin kunya,
Tham

Ƙauyen Dong Cat, 1 ga Nuwamba

Tham,

Ina lafiya. Ruwa ya shigo har gwiwa, ya tafi da kaji biyu, ya janye. Ba wanda ya mutu a ƙauyen.

Ambaliya ta yanke hanya kwana biyar, saboda haka wasiƙarki ba ta iso ba sai jiya da safe, ranar taron. Thoan ta kawo min ita da wando a naɗe, ina cikin shirya tire. Na ga kin rubuta "ke kaɗai" a bayan ambulan, na ce ga 'yar kunyar nan ta sake. Na taɓa na ji kauri, na ce takardar yabon ce ta zo a kan gaɓa. Ina zan san manyan baƙaƙe ne suka ci shafi huɗu? Ban buɗe ba. Na ɗora ta a tire kusa da zakara, na ɗauka a ka har zauren kakanni.

Mun fi mutum sittin. Bang ya sa doguwar rigarsa, ya karanto jikokinsa, aka tafa. Da ya zo kanki na miƙa masa ambulan na ce, "Buɗe a gabansu, su ji daga bakinta." Ya buɗe, ya gyara murya irin ta ranar taro, ya fara. Ya karanta gaisuwa. Ya karanta "makin nan ba nawa ba ne." Sai ya tsaya, ya yi tari, ya soma ninke takardar.

Ya ce a hankali, "Yaya Luu, wannan ta cikin gida ce."

Na ce, "Yanzu a ina muke in ba cikin gida ba? Sun ji farko, bari su ji ƙarshe. Ƙarasa."

Ya ƙarasa har wajen da kika ce in yi masa ƙarya, da bakinsa ya karanta. Ban zauna ba. Na ce ya ɗauko biro ya soke sunan, ya soke ina kallo. Daga nan na je na wanke kwanuka kamar kowace shekara. Da matar Bang ta yi min gori da na ji sauƙi, da na samu abokiyar faɗa. Ba ta yi ba. Cinyar kaza ta zuba min a kwano ta wuce, ban iya ci ba. Shekarata sittin da uku ban taɓa sunkuyar da kai a zauren nan ba sai jiya.

Rabin kunyar tawa ce, ba zan ɗora miki duka ba. Kin ce kada in faɗa, ni kuma na karanta abin da raina ke so. Da na tsaya na tambayi kaina me zai sa yarinyar da ke cika shafi biyu da labarin bargo ta ba da labarin nasararta a layi uku, da na gane. Ban tsaya ba, sunan nake so a kira.

Amma ki saurare ni. Runtse ido ba abin kunya ba ne. Ranar da na fara harbi sai da na sauya wando, ki tambayi duk wadda ta rage a cikinmu. Shirun ranar farko ma zan iya cewa tsoro ne. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne yarinya ta zo da amana ta ce koya min, kika buɗe baki kika ba ta hanyar faɗuwa. Sa'an nan duk tsawon wasiƙarki, roƙonki ɗaya ne, a cire sunanki daga littafin Bang. To an cire. Sunanta fa, wa zai mayar?

Ki je wajen Kyaftin ɗin, ki je wajenta. Ban san ko zai gyara wani abu ba, kuma ba don ya gyara na ce ki je ba. Kada ki sake rubuto min sai kin je.

Luu

Hanoi, 12 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Na yi murna da ruwa ya janye, ina fata gwiwa ta lafa. Na karanta wasiƙarki, ba ni da abin cewa game da zauren sai dai ki yafe min, in za ki iya. Na je.

Jiya Lahadi na hau mota na koma sansanin. Na tarar da Kyaftin Quyet a lambun bayan ɗakin girki yana ba kabeji ruwa. Na miƙa masa takardar yabon, na faɗi komai a tsaye, har da abin da na gaya wa Sua. Ya ajiye bokiti.

Sai ya ce, "Kin san kusan kowace shekara sai wani ya harbi allon maƙwabcinsa? Da kin ɗaga hannu a ranar, harsashi uku zan ba ta nan take, a yi dariya a wuce."

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ni na sani, shi ne abin. Ramuka uku da tafin hannu zai rufe, daga yarinyar da ke tsoron gindin bindiga. Na yi mamaki amma ban tambaya ba. Ita kuma ta ce min ta ga sun shiga, na mayar da ita abin dariya a gaban mutum ɗari biyu."

An riga an buga wa sakamakon hatimi an aika. Ya ce nawa zai iya sokewa, kuma ya soke, baɗi zan maimaita. Amma ba zai iya rubuta mata makin da ya faɗa a allon wani ba, balle ga faɗuwa ta biyu a rubuce. Zai aika wa jami'a takarda da sa hannunsa, ya ce kada in ɗauka alkawari ne.

Da na dawo na wuce ɗakin su Sua kai tsaye. Na same ta tana ɗaure akwati da igiya. Ofis ya riga ya sanar da ita an dakatar da tallafin na shekara guda, kuma ba ta da abin zama a Hanoi ba tare da shi ba. Na faɗa mata. Ban yi kuka ba sai daga baya, don na ga ba ni ce ya kamata in yi ba.

Ta zauna a kan akwatin. Na zaci za ta mare ni, har so na yi ta mara. Sai ta ce, "Nawa-nawa aka ce?"

Na ce, "Goma, goma, tara."

Ta gyaɗa kai. "Taran ita ce ta farko. Na ja numfashi kafin in saki."

Ta ɗan yi murmushi, ba da ni take ba. Sa'an nan ta ce, "Wata guda ina rufe ido ɗaya ina ƙirga ganyen bishiya, na zaci idona ne ya lalace. Na aika wa babana na ce na faɗi a harbi. Kin san amsar da ya aiko? Ya ce in yi haƙuri, laifinsa ne, shi ne bai iya koyarwa ba."

Ta yago takarda daga littafin laccarta ta miƙo min da biro. Ta ce in rubuta abin da ya faru, da makin, in sa sunana da na ƙauyenmu, za ta kai masa a fassara masa. Na rubuta a kan gwiwata. Ta karanta sau biyu, ta ninke, ta sa a cikin rigarta. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba.

Yau da safe na bi ta tashar jirgin ƙasa. Na kai hannu zan ɗaukar mata akwati ta ce in bari. Da za ta hau na tambaye ta ko za ta dawo baɗi mu yi darasin tare.

Ta ce, "Sai abin da masara ta yi."

'Yarki, in har yanzu kina so,
Tham